Jar Rumfar Hular Kalilu

Duk wanda ya san hanyar Bafarawa ya san Kalilu ɗan kabu-kabu. Shekara goma sha tara yana bisa mashin. Mutum ne mai saurin hawa kamar farashi, amma ba ya da ha'inci. Shi ya sa da daji ya lalace da 'yan bindiga, har ƙarar mashin ta zama abin faɗuwar gaba, matan rugar su Adda suka ce ba mai kai su kasuwa da nononsu sai shi. Da wannan jigila yake ci da gidansa.

Bara ya faɗi a yashi ya fasa goshi. Ɗiyarsa Basira ta aiko masa da hular kwano daga Sakkwato, ta haɗa shi da Allah kada ya ƙara hawa ba ita. Hula kam ta yi, sai dai tana da wata jar rumfar roba a gaba, zungureriya kamar bakin agwagwa, wai maganin rana. Kai, wannan rumfa ta gasa wa Kalilu aya a hannu! In ya ɗaga ta, iska ta cika ta, ta finciki kansa baya. In ya sauke ta, ba ya ganin reshen ƙaya sai ya sha mari. Ƙusa uku ke riƙe da ita, su ma na roba. Ya ɗaure su da gindin cokali a Sabon Birni, kafin ya kai Isa sun saki, rumfa na ta kaɗawa. Wata bakwai wuyansa bai huta ba.

Ran nan haƙuri ya ƙare, ya dire hular gaban Marwan bakanike.

"Kawu, ƙusar tsakiya ta cinye," in ji Marwan. "In an hidda ta, ba ta komawa."

"Wa ya ce maka ina son ta koma? Yau za ni rabu da wagga masifa."

Ƙusa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ta ƙi fita. Kalilu ya fizge hular, ya danne ta da gwiwa, ya ɓalle rumfar gida biyu, ya jefa a wutar mai shayi.

Ranar kasuwa ya nufi ruga yana jin kansa sakayau. Yana shan kwana sai ya ga mata sun watse cikin gero, ƙore na faɗuwa, wata na jan goyonta da hannu ɗaya. Ya tsaya, ya tuɓe hula, ya yi ta kiran sunan kansa kamar mai cigiya.

An jima tsohuwa Adda ta fito tana ɗingishi, ƙaya a ƙafa.

"Kalilu, ashe kai na? Ina jan abin kanka?"

"Na cire, Adda. Wuya yake ci mini."

"Shi muke hange tun daga nesa. In munka ga ja mu hito, in ba mu gani ba mu ruga. Wa ke tsayawa duban fuska yanzu?"

Haushin kansa ya turnuƙe shi. Nonon kwana uku ga shi nan yashi na shanyewa, mata kuwa har yanzu ba su gama fitowa ba.

"To, ku hau mu tafi da abin da ya rage," ya ce a hankali.

Adda ta ɗauki fasasshiyar ƙwaryarta, ba ta dube shi ba.

"Yau ba abin ɗauka. Kasuwa mai zuwa kuma, sai abin da mazanmu sunka ce."