Ammo Tannus, Mai Sauraron Katako

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mahaifiyata ta hura tandar burodin za'atar, mai barbaɗen ganyen ƙamshi da riɗi, da muke sayarwa a ƙofar zauren wasa, Ammo Tannus, wato Baffa Tannus a bakinmu, ya riga ya shige ciki. Ba ya kunna fitila. Takalmansa yake cirewa a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin ibada, ya ɗauki tsohuwar ƙwallonsa wadda rubutun jikinta ya goge tun ban san kaina ba, ya fara daga kusurwar hagu. Taku ɗaya, bugu ɗaya. Inda ƙwallo ta ce "dum" ta dawo tafin hannunsa, sai ya wuce. Inda ta ce "ɗaf" ta dawo a gajiye, sai ya durƙusa, ya ciro alli, ya zana da'ira. Katakon nan ya mutu ke nan, sai an sauya shi.

Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki a ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, Shu'ula, can kan duwatsu sama da Bairut. Babu hotonsa a bango, ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Amma tambayi kowa, yaushe rabon da wani ya karye a filinmu saboda santsi ko tudun katako? Za a yi ta sosa ƙeya.

'Yan wasa sun mai da shi kakan wasa. Kyaftin Ghassan ba ya wucewa sai ya tsokane shi.

"Ammo, yau wane katako ne ya kawo ƙara?"

"Wanda ka faɗo a kansa jiya. Ya ce buhun siminti ya fi ka tausayi."

Bara ne abin ya zo. Mun ƙare kakar wasa a na tara cikin goma sha biyu, garin ya rabu gida biyu a kan mutum biyu: Ghassan, mai shekara talatin da takwas, gemu duk furfura, da Ziyad, mai talatin da biyar, wanda har lokacin shi ya fi kowa jefa ƙwallo a kwando. Su ne suka kawo mana kofi ɗaya tilo da muke taƙama da shi. A gaban tandarmu ma sai da aka kusa dambe.

"Da tsohuwar zuma ake magani!" in ji wani direban tasi.

"Zumar da ba ta iya komawa tsaron gida? Kakata ta fi Ghassan gudu, wallahi, kuma da sanda take tafiya," in ji wani mai jiran burodi.

"To kawo kakar taka mu gwada ta mana."

Sabon shugaban ƙungiya, Ustaz Nabih, ɗan kasuwa ne da ya dawo daga Abidjan da zafinsa. Shi maganarsa ɗaya ce: sabon jini, sabon daɓe. A sallami tsofaffin biyu, a kawo matasa, a ɓamɓare katakon zauren gaba ɗaya a shimfiɗa sabo cikin mako guda. Da wannan ya shigo wata safiya. Mahaifiyata ta kai wa Ammo burodinsa, a gabanta aka yi.

"Ustaz, takalmi," in ji Ammo Tannus, bai ko ɗago ba.

Mutumin ya dubi takalmansa masu sheƙi, ya dubi tsohon, ya sunkuya ya cire.

Ammo ya ja shi har ƙarƙashin kwandon gabas, ya nuna masa wani layi da ba ka gani sai an nuna maka. Ya ce shekara ashirin da suka wuce wani kwamiti ya yi irin wannan saurin. Aka sauke sabon katako daga mota, aka buga masa ƙusa ranar. Ya yi kyau kamar madubi, har hoto aka zo ɗauka. Ruwan farko na hunturu ya sauka, dusar ƙanƙara ta biyo, danshi ya shiga, rabin fili ya kumbura kamar burodi a tanda. Wata uku muna aron fili a garin maƙwabta suna yi mana dariya.

"Sabon katako bai san iskar gidan nan ba, Ustaz. Sai ya kwanta a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo wata biyu, ya sha iskar wurin. Sannan ka sa shi tsakanin tsofaffi biyu, su riƙe shi har ya zauna."

Ustaz Nabih ba wawa ba ne. Ya yi murmushi. "Wato cewa kake in bar tsofaffin nan duka biyu."

"Ban ce ba. Katakon da ya mutu cire shi ake yi, ko da ni na kafa shi da hannuna."

"To wanne ne ya mutu?"

"Ba ni kwana biyu. Ba a gaya wa baƙo rasuwa kafin masu gida."

Kafin azahar labari ya zaga gari, kowa ya yanke cewa Ghassan ne. Shi kansa Ghassan ya fara kwashe kayansa daga akwatinsa na ɗakin sauya kaya. Amma abin da Ammo Tannus ya sani, babu wanda ya sani. Shekara goma sha huɗu yana zaune a gefen fili da tsumman goge gumi, yana jin yadda Ziyad yake dira bayan tsalle: ƙara ɗaya, ƙafa biyu tare. Tun tsakiyar kaka ƙarar ta zama biyu. Dama ta fara sauka, hagu ta biyo a sace kamar ɓarawo. Koci bai gani ba, domin ƙwallo tana shiga kwando. Katako ne ya faɗa.

Abin da ya gudana tsakaninsu, Ziyad ne ya ba da labari da bakinsa. Bayan atisayen la'asar Ammo ya tsayar da shi, ya miƙa masa gahawa.

"Ɗana, gwiwar hagu. Tun yaushe?"

Ziyad ya ajiye kofin. "Wa ya gaya maka?"

"Fili."

"Kai likita ne? Kafinta ne fa kai, Ammo!"

"Kafinta ne. Shi ya sa ban ce ka yarda da ni ba. Sauka Bairut a ɗauki hotonta."

"Shekara ɗaya kawai nake so. Ɗaya! Idan suka ji, sun gama da ni. Ka yi shiru, Ghassan ai ya ci zamaninsa."

"Ka ba kwando shekara ɗaya, ka ba sanda arba'in? 'Yarka Nur za ta yi aure wata rana. Da wace ƙafa za ka ja mata rawar dabke?"

Ziyad ya fice bai waiwaya ba. Aka wayi gari ko gaisuwa ba ya amsa wa tsohon.

Kwana biyu suka cika, Ustaz Nabih ya dawo, wannan karon da kansa ya cire takalmi. Ammo ya ce masa, "Mai maganar zai zo da ƙafarsa." Shugaba ya fusata. Ya ce ranar Juma'a ta sama kwamiti zai zauna, idan ba a ba shi suna ba zai sallami duka biyun, ya kira kamfani su ɓamɓare daɓen, kuma kamfanin da ma'aikatansu suke zuwa. Kowa ya gane inda maganar ta dosa. Mahaifiyata ta ce wa Ammo, "Haba Tannus, faɗi sunan ka huta mana. Aikinka fa!" Ya ce, "Ummu Rima, sirrin gwiwar mutum ba nawa ba ne." Ya ɗauki ƙwallonsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kai ne, Ammo, ka ƙi yi wa shugaba ƙarya, ka kuma ƙi tona wa yaronka asiri. Kai ne ka zaɓi Ziyad ya ƙi ka da ƙafafu biyu, da ya so ka da guda ɗaya. Mu da muke kallo daga bakin tanda mun ga yadda burodinka yake hucewa ba ka taɓa ba duk kwanakin nan.

Ranar Alhamis Ziyad ya sauka Bairut shi kaɗai. Ranar Juma'a ya shiga taron kwamiti da babban ambulan a hannu. Likita ya ce da ya ƙara wata uku a kan gwiwar nan, da aikin da za a yi mata ba irin wanda ake tashi a yi gudu ba ne.

Aka bar Ghassan, ba don ya buga wasa duka ba, kwata ɗaya ko biyu, da matasa huɗu a kewaye da shi. Ziyad kuwa, bayan an yi masa aikin gwiwar, ya koma benci yana koyarwa, yana yi musu tsawa kamar shi ya haife su. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Cikin wasa takwas na farko an ci mu shida, har wasu suna ihu daga sama, "A tambayi kafinta mana!" Ammo yana jin su, yana goge gumi a ƙasa. Daga watan biyu na shekara yaran suka fara zama. Mun ƙare a na biyar. Ba kofi ba ne, amma ƙaraminsu shekararsa goma sha tara, kuma Ghassan da kansa ya ce baɗi zai miƙa masa ragamar kyaftin.

Babu wanda ya ce wa Ammo Tannus ya ajiye aiki. Shi ya je ya sami Ustaz Nabih, ya ce, "Kunnena na hagu ya fara cewa ɗaf. Na zana wa kaina da'ira." Ashe tun wata biyu kafin nan ya kawo wani kafinta, Salim, magidanci mai 'ya'ya uku, yana bin sa kowace safiya ba takalmi, bai bar shi ya buga ko ƙusa ɗaya ba. Yana shan iskar wurin.

Lahadin da ta wuce aka yi masa bankwana bayan wasa. Da aka buga ganga, Ziyad ne ya fito gaba zai ja layin dabke. Ya taka bakin fili ke nan sai ya tsaya, ya sunkuya, ya cire takalmansa. Ghassan ya cire. Ustaz Nabih ya cire. Zauren gaba ɗaya, har direban tasi da abokin faɗansa, muka sauka da safa. Ziyad ya kama hannun tsohon, ya daka tsalle ya dira.

"Ammo, me katako ya ce?"

Ammo Tannus ya karkata kunnen damansa. "Ƙara ɗaya," in ji shi. Sai ya juya wai yana neman tsummansa.

Mun gode, Ammo, mai kunnen gida. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma da kuke da tsofaffi da yara a hannunku, a fili ne ko a shago ko a gida, kafin ku ce a kwashe ko a bari, ku cire takalmi ku zaga tukuna. Kuma burodinka yana nan ƙarfe bakwai, Ammo. Mahaifiyata ta ce shi dai bai yi ritaya ba.