Baƙin Ruwan Gidan Malam Dalhatu

A Beli, in ka ji an ce wani ya sha rubutu ya samu sauƙi, da wuya in ba hannun Malam Dalhatu ba ne. Shekara da shekaru yana zaune a zaurensa da allo a cinya. Tsantseninsa har ya so ya yi yawa. Ni da nake ɗan ƙanensa na sha faɗa don kawai na jingina allo kusa da takalmi.

Da ɗansa Hadi ya samu aiki a Kano, sai ya haƙa masa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki, aka ja famfo tsakar gida da banɗaki. Ana nan sai ruwan ya fara zuwa da duhu-duhu, kamar an ɗauraye tukunya. Aka ce tsatsa ce, amma tsatsa ja take, bututun kuma na roba ne. Aka tari ruwa daga bakin rijiyar, fari tas. Mai gyaran famfo ya zo daga Rogo ya wanke tankin, ba a jima ba duhun ya dawo. Matan unguwa dai ka san su, tuni suka ce aljanu ne. Hankalin kowa ya tashi, domin 'yar Malam, Bushra, tana gida ba lafiya tun rasuwar jaririnta. Ba ta magana, ba ta karɓar komai a hannun kowa, sai ruwan da ta tara da kanta a famfo.

Wata rana da hantsi ina tsakar gidan, Malam ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana. Na ga fuskarsa ta canja. Mutumin da ya tsufa yana dafa tawada ba zai manta ɗanɗanon ƙaro da gawayi ba. Ya kira matarsa, wadda kowa ke ce wa Gwaggo Zinariya.

"Rubutun da nake ba ki na Bushra, ina kike kai shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ka yi haƙuri. Ta ƙi sha. In kun tafi masallaci sai in hau tsani in juye a tanki, don ta sha ba ta sani ba."

Tsohuwa mai ciwon gwiwa a kan tsani! Tausayinta ya kama ni. Malam kuwa bai yi faɗa ba. Ya juya ya dubi bututun da ya nufi banɗaki, ya daɗe yana kallonsa. Ayoyin da ya rubuta da hannunsa, da su aka yi ta tsarki wata da watanni.

A ranar ya sa aka yanke bututun. Malamai 'yan'uwansa, su Malam Halliru, suka ce masa babu laifi a kan wanda bai sani ba, ya ce ya ji. Amma ya rame, kuma in zai wuce ta ƙofar banɗakin sai ka ji yana istigfari ƙasa-ƙasa.

Bushra ta samu sauƙi, ta koma ɗakinta. Bara ta zo da tsohon ciki, ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi mini rubutun haihuwa." Ya ɗauki alƙalami ya tsoma a tawada, ya riƙe shi a saman allon bai rubuta komai ba har tawadar ta bushe. Ya ajiye ya ce, "Ki je wurin Malam Halliru, 'yata."