Shaidar Gidanmu a Bangon Kwazazzabo

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekaru sun haura goma yanzu. Lokacin ina gyaran babur a Daura, damina ta yi tsaka, sai aka bugo mini waya da hantsi daga ƙauyenmu, can gaba da Baure, cewa Baba ya fita tun da safe ba a gan shi ba. Tsufa ya riga ya taɓa masa tunani, ni ɗansa ma Malam yake ce mini kamar baƙo.

Ina isa na tarar ana ta bin gonaki, ni kuwa na bi sawun takalminsa har bakin kwazazzabon da ke arewa da gari. Ruwa ne ya yanka shi cikin jan dutse, irin wanda in ka murza yashi ke zuba, kuma a nan Baba da mahaifinsa suka ƙarar da ƙarfinsu suna fasa dutsen wasa wuƙa. Ƙanen Baba, Baffa Sale, ya riƙe mini hannu ya ce, "Dubi gabas, hadari ya haɗu. Wurin nan cika yake yi kafin ka juya." Na ce, "Baffa, ubana ne a ciki." Sai ya miƙo mini ƙusa, ya ce duk mararrabar da na wuce in karta shaida a bango, haka masu shiga ke yi, kowane gida da irin tasa. Tamu zane uku ce da ɗaya a gicciye.

Ban taɓa shiga ba sai ranar. Bango dama da hagu ya fi bene tsawo, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, fari a sama, kamar an jera atamfofi a kanti. Wani wurin ya buɗe har da inuwa mai sanyi, wani wurin sai ka karkace kafaɗa kafin ka wuce, ga hanyoyi suna ta rabuwa. Ni da gaggawata da wayon 'yan birni, na ga kartar dutse ɓata lokaci ce, na jefa ƙusar a aljihu, na riƙa jan layi da ƙafa a kan yashi.

Na sami Baba zaune ƙarƙashin wani dutse da ya rankwafo, yana ƙwanƙwasa shi yana kasa kunne. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan dutsen bai nuna ba." Ban tsaya gardama ba, na goya shi, na ɗaure shi da rawaninsa. Ba mu yi nisa ba aka fara yayyafi, wani siririn ruwa ya biyo ƙasa ya share layukana tas, na tsaya gaban hanya uku ban san tawa ba. Tsoro ya kama ni sosai, amma na rantse ko gawata za a tsinta, da shi a bayana za a tsince ta.

A nan na ji ƙar, ƙar, ana kartar dutse a hanyar hagu. Na leƙa, babu kowa, sai shaidar gidanmu a bango, sabuwa fil, jan garin dutsen bai ma gama zuba ba. Na yi sallama, shiru. Baba ya sa baki a kunnena ya ce, "Bi shi. Hannun tsohona ne, shi ke karkata zane na ukun." Tsohon nan kuwa tun ba a haife ni ba ya rasu.

Na bi. Duk kwanar da na sha sai in ji kartar a gaba, in tarar da shaida, ban taɓa cim ma mai yin ta ba. Ba ta inda na shigo muka bi ba, ruwa kuma ya kai mini gwiwa. Ta ƙarshe tana gefen wasu matakai da aka sassaƙa a jikin bango, na kama su da farce da haƙori na hau. Ina dire Baba a sama ruwan ya iso da ruri, ɗauke da itacen gawo sukutum.

Bayan kwana uku muka koma da Baffa Sale. Shaidun suna nan duka, amma sun yi baƙi sun shafe, kamar sun shekara hamsin ana yi musu ruwa. Baffa ya sa yatsa cikin zane na uku ya shafa shi, sannan ya ce shi bai taɓa sanin da matakan nan ba.

Ni ban san wa ya yi mana jagora ba, Allah ne masani, amma har yau in na ji ana wasa wuƙa sai tsigar jikina ta tashi. In tafiya ta kai ku irin wurin nan, ku yi shaidarku a dutse kamar yadda manya suka ce. In kuma kun ji ana karta a gabanku, ku yi sallama ku bi a hankali, kada ku ce sai kun ga fuskarsa.