Ranar Da Na Juya Wa Dam Baya

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua. Karatuna bai wuce aji uku a makarantar mishan ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ni ba mai yawo ba ce, daga gida sai coci sai gonar auduga, amma in dai hira ce, to a matsa a ba ni wuri. Kuma Allah Ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki zan faɗi keken wa ya shigo unguwa, in yaro ya yi kuka a gida na uku na san ko na yunwa ne ko na duka. Da kunnen nan nake taƙama.

A shekarun ne aka kawo motocin haƙa aka tare mana rafi, aka yi dam saboda noman rani. Mu da muka saba da ruwan da bai wuce gwiwa ba, sai ga ruwa malale, bakinsa ba zurfi, amma taku kaɗan sai rami inda aka kwashi ƙasa. Da ya ci wani makiyayi, mai gari ya ce a sa masu tsaro. Maza suka sami nasu. Mu mata muka ce ba namijin da zai zauna yana kallonmu muna wanka da wanki. Aka ce to mu zaɓi mace, sai duk suka nuna ni, wai ko ƙuda ya faɗa ruwa zan ji.

Wani ma'aikaci ya zo daga Funtua da majigi da ɗan injin wuta don ya koya mana aikin. Da rana tsaka aka tara mu a ajin firamare, aka toshe tagogi da tabarmi. Ya nuna wani wurin wanka cike da mutane ana ta iyo ana ihu, sai ya tsayar da hoton ya ce mu nuna masa wanda ruwa ke ci. Na yi caraf na nuna wani mai kururuwa yana ɗaga hannu. Ya ce a'a, wannan wasa yake yi. Ya mayar da hoton baya, ya ɗora sanda a kan wani can gefe, kai a ɗage, baki na shiga ruwa yana fitowa, hannuwa na danna ruwa kamar mai lalube. Ya ce wanda ruwa ke ci ba ya iya kira, ɗan numfashin da yake samu bai isa magana ba. Ya yi ta canza hotuna yana sa mu nema, ya ce ido ya riƙa zagaya ruwan daga wannan baki zuwa wancan, a ƙirga kawuna, a sake ƙirgawa. Ni kuwa ina can baya ina raɗa wa na kusa da ni cewa malamin nan zancen Turawa yake yi, mutumin garinmu in ya ga mutuwa ai sai an ji ihunsa a Bakori. Aka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Aka ba ni usur, da doguwar gora, da tiyub ɗin mota ɗaure da igiya.

Satin farko na kalli ruwa har idona ya yi ja, ga hasken rana na dukan ruwan yana dawowa fuska. Daga nan na fara juya 'yar kujerata ina fuskantar masu shanya a kan ciyawa, inda hirar take. Na ce ai kunnena na aiki.

Ina da maƙwabciya Musulma mai sana'ar daddawa, danga ce kawai tsakaninmu. Yaya nake ce mata, ita kuma Rediyo take ce mini, wai ba na shiru sai batir ya ƙare. Shekara tara da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, sai a shekarar ta sami ciki, har ya kai wata bakwai. Ranar da abin ya faru ta zo wankin kalwa, ta wuce ni tana tsokana, wai sannu mai gadin ciyawa, ruwa ya yi gadin kansa ke nan. Na ce ta je ta wanke abin warinta ta ba mu iska, ko tari ta yi ina ji.

Ina ba da labarin wani biki, ina jin ta a bayana tana cuɗa kalwa, caɓal-caɓal. Har yau ban san lokacin da ƙarar ta tsaya ba. Sai da na kai ƙarshen labarina, mata suka gama dariya, sannan na ji shirun. Na waiga. Ƙwaryarta na can tana tafiya a kan ruwa, ashe kuɓuce mata ta yi, ta bi ta, ƙafarta ta zarme cikin ramin. Ga ta nan kai a ɗage, baki na shiga yana fitowa, ko uffan babu. Usur ɗin na wuyana, ban ma tuna da shi ba. Na jefa tiyub ya faɗi dab da ita, ko hannu ba ta miƙa ba. Sai da ni da matan muka riƙe zannuwan juna, na shiga har wuya na saƙala gorar a hammatarta, muka jawo ta. Motar auduga ce ta kai ta asibiti a Malumfashi. Ita ta rayu. Cikin bai tsaya ba, namiji ne, kuma ba ta ƙara samun wani ba.

Gari ya ɗauka wai kunnena ya ceci rai. Matan da ke wurin ba wadda ta tona ni, su ma hirar suke. Mijinta ya zo har gida ya yi wa maigidana godiya. Ita kuwa duk ranar da ta yi daddawa sai ta miƙo mini ta kan danga. Shekara shida ina karɓa ina sawa a miya, in ci ba na jin daɗinta. Bara da kaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta, na daure na gaya mata cewa ranar nan ba ruwa nake kallo ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ai ta sani, don bayana take kallo duk tsawon lokacin, har launin ɗankwalina ta faɗa mini, tana ta so ta kira ni muryar ta ƙi fita. Ta ce ta daɗe da yafe mini, jira take kawai in faɗa da bakina. Ta ci gaba da ɓararta, ni na kasa.

Na gane ba jahilci ne ya kayar da ni ba, don an nuna mini ƙiri-ƙiri, raini ne. Kuma yabon da ban cancanta ba ya fi zagi nauyi. Ina roƙon duk wanda aka ba amanar bakin ruwa, ko uwa ce mai wanki da 'ya'yanta a gefe, kada ya jira ihu, ba zai zo ba. A bar hira sai an koma gida. Wanda ke nitsewa idonsa biyu, yana ganin ka, ba abin da yake jira sai ka juyo.