Sistar da Ta Kira Ni Sau Huɗu

Kafin bakwai na safe ta buɗe ɗakin da ke ƙarshen barandar asibiti. Sai ta shimfiɗa zani mai tsabta a gado, ta ja labule, ta jiƙa ƙarfen gwaji a ruwan ɗumi don kada sanyinsa ya firgita mace. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. Matan unguwa Sista kawai suke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aikinta gwajin bakin mahaifa ne. Masu jira a benci sun haddace bayaninta: ƙwayar cutar da take nema dangi ce babba, sun fi ɗari. Wasu ƙari kawai suke fitarwa a fata, yawanci ma jiki na korarsu da kansa. Amma akwai 'yan kaɗan da ke samun wuri su zauna shiru shekaru, har su zama sankara. "Shi ya sa nake son sanin wanne ne ya sauka a gidanki," in ji ta.

Matsalar ita ce mata da yawa lambar wayar mijinsu suke bayarwa. Don haka rabin aikin Sista lallashin maza ne. Mai shara ta ce ta taɓa ganinta ta bi wani direba har tasha da takardar matarsa a hannu.

Ni ma ta kira ni. Ni da nake zama a shago ina gyara wa shugabannin duniya kurakuransu.

"Malam, an ga nau'in da ba ma so a gwajin maiɗakinka. Ka kawo ta."

"Lafiyarta ƙalau, yanzu ma faɗa ta gama yi mini. Ko kina nufin ni na kawo mata?"

"Ba shari'a na kira ka ba. Na ce ka kawo ta."

Sau huɗu ta kira. Girman kaina ya ci wata goma sha ɗaya. Ranar da na kai ta, jini ya riga ya fara zuba. Bayan shekara biyu muka binne Maman Yara. Har yau in na dawo gida nakan tsaya a ƙofa in saurara, ko zan ji ta ce, "Ka manta da saƙona ko?" Kullum ina mantawa. Yanzu babu mai aike na.

Sista, ke ce kika zo gaisuwa kika zauna a gefen tabarma, ba ki ce mini "ai na faɗa maka" ba, alhali kina da iko. Shekarun 'ya'yana mata kawai kika tambaya, kika ce in an share makoki in kai su rigakafin ƙwayar cutar. Wannan karon da wuri na je, har na riga ki isa ƙofar ɗakin.

Na gode, uwar haƙuri. Allah Ya sa hutun ya karɓe ki. Wadda za ta gaje ki, ta koyi nacin nan naki, kada ta ji kunyar damun mu. Ku kuma 'yan'uwana magidanta, in aka kira ku daga asibiti a kan matanku, ku rufe shagon ku tafi. Nawa shagon yana nan, ban taɓa rasa shi ba.