Ranar da Baba Labbo ya kawo ɗansa kallon mai ƙaho

Har yau ban manta da wata ranar Talata da Baba Labbo ya shigo gidan kallonmu ba. Ku yaran yanzu da kuke tura wa mutane fim a waya ba ku ko ɗaga kai ku dubi fuskarsu, ku nake so ku ji wannan.

Lokacin ina aiki a gidan kallon Oga Bitrus, can bayan kasuwar Mafara. Oga tsohon ma'aikacin noman rani ne, da ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu, ya kafa rumfar kwano ya zuba bencina. Aikin namu hawa-hawa ne. Kana farawa da tsaron ƙofa, ka koma kula da inji, in bakinka na da zaƙi kuma kana jin Turanci sai a ba ka makirfo ka zama mai fassara. Ni na kai nan, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ƙa'idar mai fassara biyu ce. Ta farko, ya kalli fim shi kaɗai da safe ya san inda ya dosa. Ta biyu, ba ya faɗa wa kowa ƙarshen fim, ko da uwarsa ce ta tambaya. Ranar kasuwa muna sa fim bayan azahar don mutanen ƙauye su koma gida da ido, mu tsayar idan an kira la'asar.

Oga na da ciwo guda, wannan kiɗan na Amurka da ake kira jaz. Ya samo wani fim na makaɗinsa, na kalla da safe na ce, "Oga, wannan ba dambe, ba rawa, barci mutane za su yi." Ya ce, "Lawali, kai dai ba ka san kiɗa ba. Sa shi." Muka manna hoton a ƙofa: wani baƙar fata cikin kwat, riƙe da ƙaho irin na 'yan badujala, jama'a a tsaye suna yi masa tafi.

Hoton nan shi ya tsayar da Baba Labbo. Dattijo ne daga wajen Faru, makaɗin kotso, ɗan amshin wani mawaƙi tun yana saurayi. Ga wanda bai sani ba, a ƙungiyar kiɗa irin tamu ubangida ke jan waƙa, 'yan amshi su karɓa suna kiɗa. Wanda ya ƙware akan bar shi ya yi ƙari, wato ya jefa ɗan baitinsa a ciki. Suna dai na ubangida ne.

Muka gaisa har da gajiya da iyali da mutanen Faru, sannan ya ja ni gefe.

"Ɗana, wanga mutum makaɗi na?"

"Makaɗi ne, Baba."

"Kuma duk waɗanga mutane don shi sunka taru?"

Na ce ƙwarai. Sai ya nuna min wani saurayi dogo da ke tsaye ya harɗe hannu. Ya ce ɗansa ne Hamisu, shi kaɗai ya ɗauko hannunsa cikin 'ya'yansa, ga shi ya ce ya bar kiɗa, jibi zai bi motar tumatir zuwa kudu. Ya ce, "So ni kai ya gani da idonai, har ƙasar waje makaɗi mutum na. Wataƙila ya sake shawara."

Ni kuwa na san abin da ke cikin fim ɗin. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Na ce su shigo, na ba su bencin gaba.

Farkon fim ɗin ya yi wa Baba Labbo daɗi. Duk sanda mai ƙaho ya hau dandali aka yi tafi, sai dattijo ya zunguri Hamisu. Daga nan hali ya fara fitowa. Mutumin nan ba ya gaishe da kowa, yana busa ya juya wa jama'a baya. Matarsa na magana yana goge ƙaho. Akwai mai gangarsa, abokinsa tun suna yara, wata rana ya ɗan saki hannu ya yi ƙari, jama'a suka tafa masa. Suna sauka mai ƙaho ya wanke shi tas a gaban mutane. Na fassara maganar yadda ta zo: "Ni aka zo ji. Ku hannuwa ne kawai." Na saci kallon bencin gaba, zunguri ya ƙare.

Da muka tsayar don la'asar, Baba Labbo ya same ni wajen alwala. Ya rage murya ya ce, "Lawali, zai koma ya ba mai gangar nan haƙuri ko? Gaya min, in ba haka ba in ja yaron mu tahi." Na ce, "Baba, a dai ci gaba da kallo." Abin da aka koya min in ce ke nan, shi na ce.

Mai ƙaho bai ba mai ganga haƙuri ba. Korarsa ya yi. Mai ganga ya kwanta ciwo, gogan ko dubiya bai je ba, ya ɗauki wani yaro ya maye gurbinsa. Fim ya ƙare yana tsaye shi kaɗai a dandali ana ta tafi.

Tabɗi! Tsaki ya tashi ta ko'ina. Wani dillalin shanu ya ɗaga murya, "Mai fassara, yanke fim ɗin kunka yi? Ina wurin da Allah ya kama shi?" Oga Bitrus ya fito yana cewa ai kiɗan za a saurara, ba halin mutumin ba. Ba wanda ya kula shi.

Baba Labbo bai tashi ba sai da rumfa ta kusa watsewa. Ya ce, kamar da kansa yake, "Wanga ba makaɗi ba na. Bai yi ma kowa waƙa ba, bai ambaci sunan kowa ba, ko na yaranai."

Hamisu bai ɗaga murya ba, cikin ladabi ya yi maganar, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce, "Baba, ubangidanmu hwa? Yaushe rabon da ya bar ka ka yi ƙari? Da ka yi jinya bara, ya zo dubiya?" Dattijo ya sunkuyar da kai. Yaron ya ce, "Ka ce in zo in ga inda kiɗa ka kai mutum, na gani. Amma mu ba mai ƙaho ba na, Baba. Mu mai ganga na."

Hamisu ya bi motar tumatir a ranar da ya ce. Baba Labbo ya ci gaba da zuwa kasuwa, yakan tsaya mu gaisa a ƙofa, amma bai sake shiga ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa fim ne kawai, ƙarya ce ta 'yan wasa. Ya girgiza kai ya ce, "Da ƙarya ta, da ban damu ba."

Ban ce da na gaya masa ƙarshen fim ɗin Hamisu zai zauna ba, Allah ne masani. Amma abin na ci min rai har yanzu. Ƙa'idar nan an yi ta ne don wanda ya zo nishaɗi, kada a ɓata masa daɗin kallo. Ba kowa ke zuwa nishaɗi ba. Wani da buƙatarsa yake shigowa, kuma kai da ka riga ka kalla kai kaɗai ka san ko fim ɗin zai taimake shi ko zai kayar da shi. Saboda haka in mutum ya tsaya gabanku yana tambaya a kan fim fiye da yadda aka saba, ku ajiye wayar ku ji dalilinsa. In ya ce ku gaya masa ƙarshen, ku gaya masa. Ni dattijo ya roƙe ni a wajen alwala, na ba shi amsar da ake ba yara masu gaggawa.