Harafin Da Ya Gagari Malam Salihu

Duk wanda ya san Liba ya san Malam Salihu, mai zauren nan na kusa da tsohuwar rijiya. Shekara arba'in ya yi yana gyara bakin mutane. Ka ja masa aya ka saki harafi ɗaya daga mafitarsa, wallahi sai ka maimaita har miyau ya ƙafe maka. Da damina ya yi gero da dawa, da rani ya taɓa 'yar albasa a fadama, sauran lokacin kuwa yana bisa buzu.

Ɗansa namiji guda ne, Abdulrahman, shi kuwa ƙafarsa ba ta san zama ba. Ya fara da lodin albasa a Aliero, ya bi manyan motoci zuwa Legas, sai ji aka yi wai yana Afirka ta Kudu, a wani gari Cape Town, yana tsaron shago. Ya auri wata Musulma 'yar can, suka haifi 'ya, ya sa mata Murja. Kullum a waya maganar ɗaya ce: "Baba, bana muna tahe." Ba su zo ba. Wata Talata da rana tsaka 'yan fashi suka shiga shagon suka harbe shi. A can aka yi masa sutura. Malam ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku, ba gawa ba kabari. Bai yi hawaye gaban kowa ba, amma kafin arba'in rigarsa ta yi masa yawa.

Yarinyar ce ta hana shi sakat. Shekararta biyar, ba ta jin Hausa, Turancin ma uwarta ce mai ji. Ita sai harshen gidansu, wai shi Afirkans. Malam ya ce, "Jinina na can bakin duniya. In na mutu ba ta san tana da kowa nan ba, mi zan hwaɗa ma Allah?"

Mai karanta masa saƙon surukar tasa shi ne Malam Reuben, mutumin Zuru, Kirista, da ke koyarwa a wata firamare a Maiyama. Reuben ya ce abin ai mai sauƙi ne. "Baba, ka faɗa da Hausa, ni in juya da Turanci, uwar ta juya mata."

"Baki ukku? A'a, ɗana. Da bakina nika son ta ji ni."

To fa! Tsoho ɗan shekara saba'in da uku ya koma ɗan koyo. Duk Alhamis, ranar da babu karatu, sai ya hau kabu-kabu zuwa Maiyama, su zauna ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Reuben ya kunna wata mata a waya tana jero baƙaƙen harshen ɗaya bayan ɗaya, Malam yana rubuta yadda kunnensa ya ji da ajami.

Ranar farko ya fusata. Baƙaƙen boko ne sak, amma an karkatar da su. Su rubuta J su karanta Y. Reuben ya ce ke nan in sun ga sunan Jega, Yekha za su ce. Malam ya riƙe haɓa. "Mutanen ga lahiya lau suke? Ka rubuta ja, ka karanta ya?"

Harafin G ne ya shirya su. Daga maƙoshi ake kankaro shi, Reuben ya yi ta fama kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Malam ya saurara sau ɗaya tak ya ce, "Af, ai kha ce!" Ya fitar da ita tas, ta fi ta matar wayar tsabta. Nan ne ma ya gane sunan surukarsa da ake rubutawa Gadija, wanda ya yi shekara shida yana jin kamar sunan arna, ashe Khadija ce. Rannan ya yi dariya, ta farko tun rasuwar, sannan ya yi istigfari.

Abin da yake son faɗi bai da yawa: Ek is jou oupa. Ni ne kakanki. Sai dai kalmar kakan nan tana da P, Malam kuwa mutumin yamma ne, wanda ko "faɗi" sai ya ce "hwaɗi". Reuben ya ce ya matse leɓe ya sake su da ƙarfi. Ya matse, ya saki, "ouhwa" ta fito. Suka riƙe takarda gaban bakinsa don ya ga ta motsa in P ta fito daidai. Wata biyu ana abu ɗaya. Mutumin da ya sa garada gumi kan harafi, ga shi harafi ya sa shi gumi, abin da ban tausayi. Ƙarshe Reuben ya ce, "Baba, a kira hakanan. Yarinya ce, za ta gane."

Suka kira bayan la'asar. Khadija ta ɗauka, ta yi sallama, ta miƙa wa 'yar. Malam ya ji numfashinta a kunnensa. Ya yi bisimilla a zuci ya ce, "Murja. Ek is jou ouhwa."

Sai wata siririyar murya ta yi tsalle daga cikin wayar.

"Pappa? Pappa!"

Wannan ba ta buƙatar tafinta, ta ɗauka ubanta ne. Ta ci gaba da zuba magana da sauri, tana dariya, tana kiran uwarta ta zo ta ji. Malam ya runtse ido. Ƙarya ɗaya ce tsakaninsa da farin cikin yarinyar nan, shi kuwa bai iya ta ba. Ya ce, "Nee." A'a. Ta fito daidai, ba tangarɗa. Ihun da ya biyo baya har Reuben ya ji shi daga inda yake zaune, kafin a kashe wayar.

Bayan kwana biyu saƙon Khadija ya iso, Reuben ya hawo babur har Liba ya karanta masa a zaure. Ta ce ya yi haƙuri. Abdulrahman ma har ya mutu harafin nan bai zauna masa a baki ba, yarinyar takan kama leɓensa da yatsu tana gyara masa. Ga muryar kuma iri ɗaya. Tun ranar Murja ta ƙi abinci, tana zaune bakin ƙofa tana jira. Don Allah kada ya sake kira, sai ta ƙara girma.

Malam ya tambayi Reuben shekara nawa yaro ke yi kafin ya mance muryar ubansa. Reuben ya ce bai sani ba.

Alhamis ta zagayo, Reuben ya ɗauka an gama, sai ga tsohon ya sauko daga kabu-kabu yana dafa gwiwa.

"Baba, ai ta ce kada a kira."

"Na ji. Kunna muna matar nan. Dole in hidda Abdulrahman daga bakina, in ba haka ba ɗiyarshi ba ta taɓa ji na."

Ya zauna, ya ɗaga takarda gaban bakinsa, ya matse leɓe. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.